Saniyar da Gida Tara Suka Ciyar

Ƙwaƙwalwa ta fara yi mini rowa. Yanzu sai in tashi neman tabarau in tarar da kaina a bakin randa ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma akwai wata safiya a gidana na Gure da na tabbata za ta raka ni har kabari: safiyar da mahauci ya zauna a zaurena da wuƙa a naɗe cikin tsumma, matata tana tsugune a gindin saniyarta, ni kuwa ina tsaye ina ɓoye gaskiya da bakin da ya shekara talatin yana hana yaran mutane ƙarya.

Malamin lakwal ne ni kafin in aje alli. Kowace shekara akwai darasin saniya, kuma ina sonsa, don na iya zane. Sai in zana cikinta a tablo, ɗaki huɗu, in sa kibiya daga baki zuwa tumbi, wata daga tumbi ta komo baki, yara su maimaita har su haddace. Rabin ajin 'ya'yan makiyaya ne da suka tatsi nono kafin su zo, amma ni ne mai alli, saboda haka ni ke koyarwa.

Saniyar da nake magana ba tawa ba ce. Ranar da aka kawo matata daga Gamu, mahaifinta ya haɗo ta da karsana guda. Waccan karsana ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, fari ya ci wasu, buƙata ta ci wasu, har aka wayi gari saura guda: ja ce, mai sanyin hali, tana shayar da maraƙi namiji. Tsohon ya daɗe da rasuwa. In wannan ta mutu, abin da ya ba 'yarsa da hannunsa ya ƙare ke nan, domin maraƙi namiji ba ya ci gaba da garke. Matata da Hausa take yi mini magana, saniyar kuwa da Barbarci, kuma na lura ta fi sassauta murya a wajen saniyar.

Ba ta sayar wa maƙwabta nono. Mai jego, marar lafiya, tsohon da haƙora suka ƙare masa, duk ƙwarya tana zuwa musu. Su kuma matan unguwa suna da hanyar ramawa. Turken saniyar yana jikin katangar baya, gajera ce, ta kan wani lungu, komin abincinta kuma rabin tano ne, wato durom, da aka yanke aka aje dab da katangar. Duk wadda ta yi surfe sai ta bi lungun ta juye dusa ko ƙasari a ciki ta wuce. Ba a sallama, ba a faɗa. In kika shigo ta ƙofa kika ce ga dusa, kamar kin ce ga kuɗin nono ne, kuma wannan cin fuska ne. Haka aka saba tun kafin in san ana yi.

Da na aje aiki na rasa wanda zan tsara wa rayuwa, sai na juya kan saniya. Na samo wani ɗan littafi na kiwo, na karanta shi sau biyu, na ɗauki alli na rubuta jadawali a jikin katanga: ƙarfe kaza dusa tiya kaza, ƙarfe kaza ruwa, ƙarfe kaza harawa. A shekarar ruwa ya yi jinkiri, ciyawa ba ta fito ba, harawa ta yi wuya, sai na riƙa rage harawa ina ƙara dusa. Nono ya ƙaru kuwa, kuma ban bar kowa a majalisa bai ji ba. Akwai dunƙulen kanwa da matata takan aje mata ta lasa. Da ya ƙare ban sake sayowa ba, tunda littafina bai ambaci kanwa ba.

Ana cikin haka cika-ciki ya zo. Kowa ya san yadda ake: kowane gida a dafa fiye da abin da za a iya ci, a aika wa maƙwabta, maƙwabta su aiko, a ci har a gaji. Washegari kowace tukunya da saura, ga zafi, abinci ba ya kwana biyu, zubar da shi kuma ba mai so ya ɗauki alhaki. Ni dai abin da na sani a lokacin shi ne abin da na yi da hannuna. Da hantsi, matata ta tafi gaisuwa, na dubi saniyar na ce ita ma baiwar Allah ce, me zai hana ta yi nata cika-cikin. Na buɗe buhun geron da muke lallaɓawa ya kai mu kaka, na auno tiya biyu, na zuba mata. Na ga komin da ɗan danshi da wasu 'yan guntaye, ban kawo komai a raina ba. Na ɗaure bakin buhun yadda na same shi, na share inda tsaba ta zube.

Da yamma saniyar ta tsaya shiru, kai a sunkuye. Da safe matata ta je tatsa, hantsa ta ba da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Saniyar ta kwanta, ta ƙi tashi. Cikinta ya cika ta gefen hagu, tana cizon haƙora, bayanta ya ɓaci da zawo fari-fari mai kumfa, ga wani wari mai tsami da ya cika gidan. Matata ce ta fara faɗin abin da ya kamata mai darasin saniya ya fara gani. Ta ce tun jiya da la'asar ba ta ga ta yi tuƙa ba.

Kafin rana ta ɗaga gida ya cika da masana. Wani ya ce maciji ne. Wata ta ce baki ne, tunda an cika zancen nononta a gari, ta faɗa tana kallona. Ni na yanke hukunci cewa leda ta haɗiya, na kuma yi bayani mai tsawo a kan illar leda. Ina sane da geron, amma na riga na shawo kan kaina cewa abinci mai kyau ba ya kayar da dabba, kuma babu dalilin tayar da zancen buhu a gaban jama'a.

Mahaucin unguwarmu ba wanda ya kira shi. Irinsu suna jin labarin saniya kwance kafin mai ita ya ji. Ya duba idonta, ya ja fatar wuyanta, ya koma zaure ya zauna. Maganarsa gajera ce kuma ba ƙarya a ciki: in aka yanka yanzu akwai nama, in aka jira ta mutu da kanta sai dai a ja ta bayan gari. Ya ce bai ga alamar za ta kai azahar ba. Kowa ya juya wajen matata, tunda dabbar tata ce. Ta ce ba mai taɓa ta sai likita ya gani. Na buga waya ma'aikatar kiwo.

Mace ce ta zo, a kan moto, da akwati ɗaure a baya. Ba yarinya ba ce, ba ta kuma kai mu ba. Ta gaishe mu a taƙaice, ta zagaya saniyar sau ɗaya ba ta taɓa ta ba, sannan ta tambaye ni me ta ci. Na nuna mata katanga. Ta tsaya ta karanta jadawalina daga sama har ƙasa, ta ce rubutun ya yi kyau.

“Amma wannan abin da aka rubuta mata ne, Baba. Ni abin da ta ci nake tambaya.”

Na ce abin da ke rubuce shi ta ci. Ba ta yi musu ba. Ta buɗe akwati.

Na bi aikinta da ido kamar sufeto ya shigo aji. Ta fara da ma'aunin zafi, ta ce babu zazzaɓi, jikin ma ya ɗan yi sanyi, saboda haka ta ajiye zancen cututtukan da ke zuwa da zafin jiki. Ta ɗaga fatar wuya ta saki, fatar ta tsaya a tsuke ba ta koma ba. Ta nuna mana yadda idanun suka faɗa. Ta saurari zuciya tana duban agogo. Sannan ta ɗora abin saurare a kwiɓin hagu, a ɗan kwarin nan da ke bayan haƙarƙari, ta yi shiru minti biyu cur. Ta ce tumbin lafiyayyar saniya ba ya hutawa, a cikin wannan lokaci za ka ji ya juya sau biyu ko uku kamar rugugin hadari daga nesa. Wannan shiru yake. Ta dunƙule hannu ta tura cikin ta saki, muka ji ruwa ya yi ƙara kamar an girgiza bido, wato jarka, mai ruwa rabi.

Daga nan ta nemi rariya. Ta ɗebi zawon, ta sa aka zuba ruwa ta wanke shi a gabanmu kamar mai rege. Abin da ya rage a rariyar ta miƙo mini. Ga ƙwayoyin shinkafa, ga wasu guntaye da ba a gane su, ga gero tsaba, bai ko fashe ba. Ta ce ta duba katanga ba ta ga shinkafa ba.

Matata ta miƙe ta dubi matan da ke tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce don Allah duk wadda ta bi lungu jiya ta faɗa, ba laifi ba ne.  Sai wata ta ce ita ɗan sauran tuwo ne, kaɗan. Wata ta ce 'yar shinkafa ce da ta kwana. Wata ƙanzo, wata fura da ta yi tsami, wata ƙullun masa da ya ragu. Kowace da “ɗan” take farawa, kuma kowace gaskiya ta faɗa. Ba wadda ta ga ta gabanta, domin saniyar tana share komin kafin ta bayan ta iso. Aka ƙirga gida takwas.

Likitar ta ce to, an san inda shinkafa ta fito. Saura gero. Matan suka dubi juna. A wannan lokaci na shekara ba macen da za ta zuba wa dabba tsabar gero, kowa ya san haka. Na ce wataƙila kaji ne suka watso. Har yau in na tuna wannan jimla sai in ji kunya ta sauko mini har tafin ƙafa. Gidanmu ba kaji.

Likitar ta koma wajen saniyar. Ta sa maza biyu suka riƙe kan saniyar, ta sa wani guntun katako mai rami a bakinta, ta zura tiyo a hankali har cikin tumbi. Ruwan farko da ya fito ta zubar, ta ce ya gauraya da yawu, zai yi mata ƙarya. Na biyu ta tara a kofi. Ta ce na lafiyayya kore-kore ne, da warin ciyawa. Wannan fari ne kamar kunun da aka tsinka, tsaminsa har yana hawa ido. Ta yago wata 'yar takarda ta tsoma, ta kara ta a jikin launukan da ke bayan kwalin da ta ciro ta. Takardar gwajin tsami ce. Na karanta labarinta a makarantar horon malamai, na taɓa ba da amsa a kanta a jarrabawa, amma ban taɓa ganinta da ido ba sai ran nan. Ta rine ta koma ja-ja. Likitar ta ce tumbi mai lafiya yana tsakanin shida da bakwai, namu ya faɗo ƙasa da biyar.

Bayaninta bai kai minti uku ba, kuma ya fi darasina na shekara talatin. Ta ce tumbi cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa. In aka danƙara musu hatsi da tuwo lokaci guda, abin sai ya yi tsami kamar ƙullun koko da ya kwana, tsamin ya kashe su, tumbi ya tsaya, ya riƙa jawo ruwan jiki zuwa cikinsa. Shi ya sa ciki ya cika da ruwa amma dabba tana bushewa. Ta ce yawun da saniya ke haɗiya wajen tuƙa shi ne kanwarta, shi ke kashe tsami, kuma tuƙa ba ta samuwa sai da ciyawa da harawa. Saniyar da aka daɗe ana rage wa harawa tana bakin rami tun kafin biki. Nan ta sake duban katanga, ni kuma na dubi ƙasa.

Sai ta juyo gare ni, ta rage murya yadda taron ba zai ji sosai ba. Ta ce aikin da za ta yi ya dogara da geron nan. In 'yan ƙwayoyi ne, za ta ɗura maganin tsami ta jira. In kuwa mai yawa ne, yana nan kwance a tumbi yana ci gaba da tsami, maganin zai yi aiki na awa kaɗan ne abin ya dawo, kuma kafin a gane an makara ko ga wuƙa. In haka ne sai ta wanke cikin, aiki mai wahala ga dabbar da ta galabaita, ba ta son yinsa a banza.

“Ba alƙali ba ce ni, Baba. Nawa ne?”

Na ce tiya biyu. Cike.

Gida na tara ke nan, kuma nasa ya fi na kowa. Na jira matata ta yi faɗa, da ma ta yi. Kallona kawai ta yi, ta ce, “Malam, ka manta ba ka rubuta a bango ba.” Sannan ta koma ta tsuguna ta ci gaba da yi wa saniyar magana da Barbarci, kuma na ji Barbarci isasshe da zan gane ba yabona ake ba.

Likitar ta ce zuciyar ba ta wuce kima ba, kuma da aka tallafa saniyar ta iya miƙewa, saboda haka akwai fata, amma ba ta yi alkawari ba. Ta ce wa mahauci kada ya yi nisa. Ta ce wa matata shawara tata ce. Matata ta ce a wanke.

Aka ɗumama ruwa. Likitar ta sauya tiyo mai faɗi, a zuba ruwa a ciki, a sunkuyar da bakin tiyon ya dawo da abin da ya samu, a sake. Ni aka ba bokiti. Ina tsaye ina kallon gerona yana fitowa, ya kumbura, ya yi tsami, yana fantsama a kan rigar da na sa don karɓar baƙi. Ban ƙirga sau nawa aka yi ba, har ruwan ya fara fitowa da haske. Ta ɗura mata bikarbonat, maganin tsamin, ta rataya ƙarin ruwa a reshen bedi ta sa mata a jijiyar wuya, ta yi mata allura. Ta hana a aje mata ruwa ta sha yadda take so a ranar, sai kaɗan-kaɗan. Ba dusa, ba ƙasari, busasshiyar ciyawa kawai.

Azahar ta yi, saniya tana numfashi. La'asar ta yi. Likitar ta leƙa zaure ta ce wa mahauci tana da aiki gare shi. Tunda halittun cikin sun mutu, sai an kawo wasu. Gobe da ya yanka lafiyayyar saniya a kwata, ya tace ruwan tumbinta a bido, ya rufe, ya kawo da ɗuminsa. Ya dube ta ya ce tun yana saurayi yake fitar da tumbi daga cikin shanu, bai taɓa jin an mayar ba. Amma da sassafe sai ga shi da bido rungume a ƙirji cikin bargo, yana sauri kamar mai kai jariri asibiti. Aka ɗura mata.

Kwana biyu tana tsakanin tashi da kwanciya. A rana ta uku da hantsi ina zaune a kan kujera kusa da turke, tunda ba ni da fuskar zuwa majalisa, sai na ga wani dunƙule ya hau ta gefen wuyanta, ta ɗan tsaya, muƙamuƙi ya fara juyawa. Kibiyar nan ce da nake zanawa daga tumbi zuwa baki. Na kira matata. Ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in tashi in je kasuwa in sayo kanwa.

Ba a fita lafiya lau ba. Nonon bai koma yadda yake ba a wannan goyon, kuma ta yi makonni tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, likitar ta ce tsamin ne ya sauka kofato. Amma ta rayu, kuma haihuwarta ta gaba mace ce. Komin ya bar jikin katanga. Matata ta ɗora wata tsohuwar roba a wurin, matan unguwa suna bin lungu suna juyewa ba sallama kamar da, ita kuma ta ɗauka ta duba ta ba da abin da ya dace. Jadawalina ruwan farko ya wanke shi, ban kuma nemi alli ba.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Mutum tara masu kyakkyawar niyya suna iya kashe abin da suke so, in kowa ya ɗauka nasa kaɗan ne kuma shi kaɗai ne. Kuma likita, na dabba ko na mutum, yana da tiyo da takarda da agogo, amma akwai abin da ba zai samu ba sai daga bakinka. Shi ya sa yanzu in na je asibiti aka tambaye ni me na ci, ba na karanto abin da aka rubuta mini. Da tiya biyun nake farawa.